Na'a-na'ar Kaka Sodangi

Mandera, Shagari
9 ga Janairu, 2025

Zuwa ga taubashina Dakta Haliru, likitan ɓeraye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lahiya, kai da Bahijja da ɗiya. Mu ma nan lahiya lau, sai sanyi. Maigidana Bashar ya tahi Aba da albasa, ya ce sai ya sayar da wadda ya kai kuma ya jira ta baya, ƙila sai Salla. Daga ni sai Baba a gidan.

Na kira ka, ka ce in rubuto, wai ba ka maganar magani a waya. Tau ga shi na rubuto. Husaini direba zai aje maka ita a tashar Bodinga. Ka mai da ni 'yar makaranta da girmana.

Maganar Baba ce. Ka san shi da kumburin ciki, in ya ci tuwo sai ya kwana shina gyatsa. Bara na dasa na'a-na'a a gefen fadamarmu ta albasa, ta yaɗu kamar ciyawa. Sai nake tsinko ta cike da hannu biyu, in zuba a tukunya, in dafa har ruwan ya koma rabi ya yi duhu kamar shayin Buzaye. In cika mishi fulas da safe, in cika da marece. Tun da ya fara sha bai sake kukan ciki ba. Yanzu ko randa ba ya kallo, ita ce ruwan shansa.

Ranar sunan da anka yi a Sifawa, Bahijja ke ba mu labari wai na'a-na'a kake ɗura wa ɓeraye a jami'a, kana duba ƙodarsu. Mata sunka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma da na dawo gida abin ya tsaya mini a rai. Mutum ba ya duba ƙoda haka kawai. In akwai wani abu, ka gaya mini. Baba Sodangi ƙanen kakarka ne tun kahin shi zama surukina, kai ma naka ne.

Kuma kar ka yi mini irin amsar nan taka, wadda mutum zai karanta har ƙarshe bai san ko i ka ce ko a'a ba.

Uwargijiyarka,
Atika

*

Bodinga
16 ga Janairu, 2025

Zuwa ga 'yar'uwata Atika,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Takardarki ta same ni, na kuma gode. Muna lafiya gwargwadon hali. Bahijja ta yi mura ta warke, tana gaishe ki. Ki miƙa gaisuwata ga Kaka Sodangi, ki ce jikansa na Bodinga yana yi masa fatan alheri.

Zan amsa miki iyakar abin da na sani, kuma ina roƙon ki karanta a natse.

Da farko, ni ba likitan mutane ba ne. Aikina shi ne duba abin da ganyayyaki da saiwoyi suke yi a jikin dabba. Abin da Bahijja ta faɗa gaskiya ne, sai dai ta taƙaita. Ina da fararen ɓeraye da na raba gida uku. Kashi na farko ruwa suke sha. Na biyu suna shan na'a-na'a mai tsarari, kwatankwacin wadda ake jefawa a shayi. Na uku suna shan wadda aka dafa ta yi kauri, kuma ita ce a madadin ruwansu. Idan suka yi makonni a haka zan gwada jininsu, sannan in duba ƙodarsu a madubin ɗakin gwaji. Ban kai wurin ba tukuna.

Wasu masu bincike a wasu ƙasashe sun riga ni yin irin wannan aiki. Abin da na karanta daga gare su bai zo ɗaya ba. A ƙaramin sha, yawanci ba su ga abin damuwa ba. A sha mai yawa na tsawon lokaci, wasu sun ga canji a ƙodar dabbobin, wasu ba su gani ba. Kuma na'a-na'a ba iri ɗaya ba ce, ban san wacce ce a fadamarku ba. Bayan duk wannan, ɓera ba mutum ba ne. Abin da ya same shi ishara ce kawai.

Saboda haka, a yau ba ni da hujjar da zan ce miki ki daina, kamar yadda ba ni da hujjar da zan ce ki ci gaba a wannan kaurin. Na san wannan ita ce irin amsar da kika ce kada in ba ki. Ba ni da wata.

Akwai abin da zai taimaka mini fiye da ɓerayen. Ki tambayi Kaka yadda bawalinsa yake: ya ƙaru ko ya ragu, yana kumfa, launinsa ya canza? Ki tambaye shi ko ƙafafunsa suna kumbura da yamma, ko fuskarsa tana tasawa da safe. Ki kuma tambaye shi ko akwai wata ƙwayar magani da yake sha. Idan amsoshin duk alheri ne, hankalina zai kwanta har in kammala.

Da na zo da kaina, amma dabbobin nan ba su san Asabar ko Lahadi ba. Kullum da safe sai na shiga Sakkwato na auna musu abin shansu, in dawo bayan la'asar. Wuta ba ta zama, firjin da nake ajiye jini sai da janareto, man kuma daga aljihuna yake fita. Ba ƙorafi nake yi ba, ina gaya miki dalilin rashin zuwana ne.

Ɗan'uwanki,
Haliru

*

Mandera
2 ga Fabrairu, 2025

Dakta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɓeraye? Ka gaishe su, ka ce Atika ta ce su riƙa yi maka godiya, kana kula da su hiye da danginka.

Mu lahiya lau. An fara ciran albasa, kwana biyun nan ba ni da lokacin kaina, shi ya sa amsar ta daɗe. Bashar ya bugo, kasuwa ta yi sanyi a can, zamansa ya ƙara tsawo.

Na karanta takardarka a natse kamar yadda ka ce, har kaina ya yi zahi. Abin da na tsinta a ciki shi ne ba ka da hujjar hanawa. Alhamdu lillahi. Mutum irinka, da ka ga abin tsoro da ba ka yi shiru ba. Na ci gaba da dafawa.

Batun jikin Baba kuwa, lahiya lau yake. Kullum da safe ina durƙusawa bakin ƙofarsa in gaishe shi, shi ce lahiya lau, babu inda ke mishi ciwo. Na isar da gaisuwarka. Ya ce wane jika, wanda bai taɓa zuwa ya ƙwace mishi goro ba? Ya ce tun kana yaro haka kake, sauran jikoki na ja mishi gemu kai kana gefe ka naɗe hannu kamar alƙali.

Maƙwabta ma sun fara aiko da kwano. Na ce su bari sai likitan gidanmu ya gama da ɓerayensa.

Azumi ya matso. Baba ya ce in tanadi ganyen da yawa, ita zai yi sahur da buɗa baki da ita. Na shanya buhu guda.

Atika

*

Bodinga
13 ga Maris, 2025

'Yar'uwata Atika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Muna lafiya. Ina neman afuwar jinkirin da na yi. Sinadarin da ake rina naman ƙoda da shi kafin a duba ya ƙare a sashenmu, sai da na jira aka kawo daga Kano. Ban so in rubuto miki hannu wofi ba.

Na ji daɗin labarin da kika ba ni cewa Kaka ba shi da wata alama daga cikin waɗanda na lissafa. A kan wannan labari na dogara duk makonnin nan.

Yanzu ga abin da na samu. Ɓerayen da suka sha ruwa, ƙodarsu lafiya. Waɗanda suka sha mai tsarari, ban ga bambancin da zan tsaya a kansa ba. Waɗanda suka sha mai kauri a madadin ruwa, yawancinsu jininsu ya nuna dattin da ƙoda take tacewa ya fara taruwa, kuma a madubi na ga ƙananan hanyoyin da ke cikin ƙodar sun kumbura, wasu sun fara lalacewa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, har ranar ƙarshe dabbobin nan suna cin abinci suna guje-gujensu. Babu wanda zai kalle su ya ce wani abu yana damunsu.

Dole in ƙara da cewa ɓerayen ba su da yawa, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Na fara zagaye na biyu don in tabbatar. Yana yiwuwa abin da na gani daga ƙarancin ruwa ne, ba daga ganyen kansa ba. Yana yiwuwa kuma duka biyun ne.

A takardarki kin ɗauki rabin jimlata kin bar rabi. Na ce ba ni da hujjar hanawa, na kuma ce ba ni da hujjar cewa a ci gaba a wannan kaurin. Ba laifi nake ɗora miki ba, wataƙila ni ne na tsara maganar yadda rabinta zai iya tsayawa shi kaɗai.

Shawarata yanzu ita ce ki rage. 'Yan ganye kaɗan a ruwan zafi, kofi guda bayan buɗa baki. Sauran abin da zai sha ya zama ruwa, kuma ya sha da yawa tsakanin magariba da sahur, domin zafin bana ya shigo da wuri kuma shekarunsa sun ja. Ki sake yi masa tambayoyin nan, musamman ta bawali da ta ƙafa. Tun da ya amsa miki a karon farko, ba na jin zai ƙi a na biyu.

Na gaji, Atika. Shekara biyu ina bin wannan aiki, kuma yanzu da ya fara magana, ba abin da nake so in ji ba ne yake faɗa.

Ɗan'uwanki,
Haliru

*

Mandera
17 ga Maris, 2025

Haliru,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Yau ba ni da wasa.

Wane karon farko? Wa ya ce maka na tambaye shi?

Kai ɗan ina ne? A Ingila anka haife ka? Ni, matar ɗansa, in durƙusa gaban Baba in ce mishi yaya bawalinka, shina kumfa? Shekara goma sha wani abu ina gidan ga, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci inda zai gan ni ba, ban taɓa ɗaga ido na kalli huskarsa ba. Ɗakinsa ban san launin bangon ciki ba. Tun da Inna ta rasu, a bakin ƙofa nake aje kwano, in koma in ɗauka. Da na karanta tambayoyinka na ɗauka irin abin da kuke rubutawa ne ku 'yan boko don takarda ta cika. Na gaishe shi, ya ce lahiya lau, na rubuto maka abin da ya ce. Mi kake so shi ce? Ka taɓa jin dattijon da surukarsa ta gaishe shi ya ce ba lahiya ba?

Tau tun da takardarka ta zo ban samu sukuni ba, sai na fara duba abin da idona ke iya kaiwa. Takalmansa na fata da yake ajewa bakin ƙofa, da nake shara na ga ya yanke madaurinsu da wuƙa. Sabbi ne, Bashar ya kawo mishi su da Babbar Salla, kuma daidai ƙafarsa suke. Da ya hito zai tahi masallaci na leƙa ta zana. Haliru, ƙafafunsa kamar an hura. Tuwon sahur rabi yake dawowa. Butarsa da nake cikawa da safe, da can kahin azahar ta ƙare, yanzu har la'asar da saura. Jiya na ji shi shina amai bayan ɗaki, da na yi mishi sannu ya ce ƙwarewa ya yi.

Na rage kaurin kamar yadda ka ce. Ya kurɓa ya aiko fulas ɗin ya dawo, ya ce wanga ruwan wanke kwano ne, a yi mishi irin ta da. Na yi mishi. Ban san yadda ake ce ma Baba a'a ba.

Na kira Bashar, ya ce tsufa ne, in bari shi dawo. Ƙannen Baba maza duk sun rasu, 'ya'yansa mata na gidajen aurensu, kuma su ma ba za su iya wagga tambaya ba. Kai kaɗai ne ke da bakin da zai iya. Kai jika ne. Jika na iya gaya ma kakansa abin da duk ya ga dama, a yi dariya. Na san ba ka iya wasa ba, ka koya a mota.

In na kashe tsohon mutane da hannuna, ka gaya mini.

Atika

*

Bodinga
24 ga Maris, 2025

'Yar'uwata Atika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna lafiya. Kaka yana nan wurinmu, an sallame shi daga asibiti jiya, yana ɗakin baƙi. Ya sha kunu da safe bai mayar ba. Na fara da wannan domin na san shi kike jira.

Ranar da na zo ban samu yi miki bayani ba. Kin ji hayaniya daga ɗakinsa, sai kika ga na fito da shi na sa a mota. Kina da haƙƙin sanin abin da ya faru.

Gaskiyarki ce a kan gaisuwar. Na karanta "lafiya lau" kamar sakamakon gwaji, alhali ni ma ita nake faɗa wa duk wanda ya gaishe ni, ko da zazzaɓi nake yi. Na aika wa suruka tambayar da suruka ba ta iya yi, na zauna ina jiran amsa.

Daga Bodinga har Shagari ina tsara abin da zan faɗa masa, kuma duk abin da na tsara sai ya fito kamar lacca. Da na isa ƙofarsa sai na bar tsarin. Na ɗaga labule ba tare da jiran izini ba, na ce, "Tsoho, ashe har yanzu kana nan? An ce mini fadamar ta zama tawa, na zo awo."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Wa nika ji haka? Haliru na? Kai da ba a jin bakinka sai an aika maka da takarda? Wa ya ba ka aron harshe?"

Na ce, "Azumi ne ya sa ni surutu. Miƙo ƙafar nan in gani, an ce ta fi turmin gidan kauri."

Ya ce, "Ja'iri. Ƙiba ta. Ɗiyata na ciyar da ni da kyau, ba kamar kai ba da matarka ta bari kamar sillen kara."

Ya miƙo. Na danna yatsa a ƙaurinsa, na ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. A nan wasan ya so ya ƙwace mini, amma na riƙe. Na fito da kwalbar da na zo da ita, na ce mutanen Bodinga suna cewa tsufa ya ci Sodangi har ba zai iya cika wannan ba, ni kuma na yi musu gardama, kada ya ba ni kunya.

Ya ce, "Mutanen Bodinga? Su wa? Miƙo ta nan."

Ya zagaya. Ya jima. Da ya dawo bai yi dariya ba, ya miƙo mini kwalbar a ɓoye cikin hannun riga. Abin da ke ciki kaɗan ne, kuma kumfa ta rufe shi. Ya ce a hankali, "Ya kwana biyu haka. Wa zan gaya ma?" Da nake taimaka masa ya sa babbar riga, ƙwayoyi suka zubo daga aljihunsa. Na ciwon gwiwa ne, yana sayensu a kemis duk ranar kasuwa, ya ce ya fi shekara uku yana haɗiya safe da yamma. Babu wanda ya sani a gidan.

Ga abin da likitar asibiti ta ce, kuma na rubuta shi yadda ta faɗa. Ƙodarsa ta yi rauni sosai, amma ba ta kai ga wankin ƙoda ba. Wani ɓangare na raunin ya daɗe, ba zai dawo ba. Wani ɓangaren na kwanan nan ne, kuma da ruwan da aka ƙara masa ya fara sauƙi. Yana da hawan jini wanda ba a taɓa aunawa ba. Ta hana shi ƙwayoyin gwiwa, ta hana shi dafaffiyar na'a-na'a, ta ce ya ajiye azumi. A kan azumin mun sha fama, sai da limamin unguwarmu ya zo ya zauna da shi.

Kin yi mini tambaya a ƙarshen takardarki. Na juya ta kwanaki. Abubuwa huɗu ne suka taru a kansa: hawan jinin, ƙwayoyin, ƙarancin ruwa a wannan zafi, da abin da kike dafawa. Biyun farko an san suna cin ƙoda, kuma sun riga tukunyarki. Na ƙarshen, abin da na sani a kansa daga ɓeraye ne kawai. Ba zan ce miki ba shi da hannu don in sanyaya miki rai ba, domin ban sani ba. Ba kuma zan ce shi ne ba. Babu gwajin da zai raba wa kowanne kasonsa. Abin da na sani shi ne, da ba ki duba takalmansa ba, da har yanzu yana Mandera yana cewa lafiya lau. Haka na gaya wa Bashar a waya, da waɗannan kalmomin, kuma ya ji.

Zagaye na biyu na gwajin ya lalace. Kwanakin da na yi a asibiti ba a auna wa dabbobin abin shansu daidai ba, sai an sake daga farko, in an samu kuɗin. Wataƙila baɗi. Ban yi nadama ba, na dai gaji.

Saura abu ɗaya, kuma a wannan ba ni da wani "yana yiwuwa". Kada ki sake dafa masa. Ko mai kauri, ko mai tsarari, har sai likitarsa ta ce. Zai nema. Tun a gadon asibiti yake cewa ruwan Sakkwato ba shi da ɗanɗano. Ni zan riƙa zuwa duk Juma'a in duba ƙafarsa in yi masa rashin kunyar da ta kamata, amma sauran kwanakin ba na nan. Fulas ɗin a hannunki yake. Na san abin da nake nema gare ki ya fi abin da kika nema gare ni nauyi.

Zan dawo da shi kafin Salla, in Allah ya yarda.

Ɗan'uwanki,
Haliru

*

Mandera
4 ga Afrilu, 2025

Dakta,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, Allah shi maimaita mana. Ina gajiyar hanya? Ka gaida Bahijja, ka ce na ga hidimar da ta yi, Allah shi biya ta. Bashar ya iso ranar jajibere, ya koma shekaranjiya, kaya na jiransa.

Ƙafar Baba ta sauka kaɗan. Shina shan maganin hawan jinin, Bashar ya jera mishi ƙwayoyin a kwano kahin shi tahi.

Da Bashar na nan, Baba bai tada maganar na'a-na'a ba. Jiya da hantsi, gida ya yi tsit, na kai mishi fulas na aje bakin ƙofa. Ruwa ne a ciki. Na juya ke nan na ji ya buɗe, ya rufe.

Ya ce, "Ɗiyata."

Na durƙusa. Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Ciki ya kumbura jiya, ban runtsa ba. A ɗan dafa mini ko kaɗan. Wancan ja'irin na Bodinga ba shi gani."

Haliru, na kalli ƙasa har na ga tururuwa na wucewa. Tun da anka kawo ni gidan ga, ko ruwa ya ce in zubar in sake ɗebowa, tau kawai nake cewa. Buhun ganyen na nan rataye a kicin, taku kaɗan ne.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba zan dafa ba."

Na yi zaton zai ce in tattara kayana. Na yi zaton zai kira Bashar. Ban tashi ba, ban ƙara komi ba, don in na ƙara kuka zan yi.

Can ya ce, "Ke ma?"

Na ce, "Ni ma, Baba."

Ya ja numfashi. Ya ce Allah ya haɗa shi da jikan banza da suruka mai taurin kai a shekara guda. Sai na ji ya tsiyaya ruwan a kofi, ya sha, ya sake tsiyayawa.

Bai amsa gaisuwata ta marece ba. Ta yau da safe ya amsa. Na ce ina kwana, Baba. Ya ce, "Da sauƙi. Gwiwa ta hana ni barci, kuma ƙafar hagu ta hi ta dama nauyi. Ki rubuta ma wancan."

Tau na rubuta.

Atika